Yumɓu, wake da ƙwarya biyu: darasin jini ga yaran ƙasar Arewa

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gero ke nuna a gonakin Dallol Mawri kuma ruwa ya kwanta a fadamu daga Matankari har Kore Mai Ruwa, ma'aikacin likita a ƙasar Arewa ta Nijar yana da aikin da yake maimaitawa daga safe har dare. Uwa ta miƙo masa yaro jiki zafi rau, ya buɗe tafin hannun yaron ya duba, ya ja fatar idonsa ta ƙasa ya leƙa. In ya ga fari fat inda ya kamata a ga ja, sai ya ce mata yaron nan ba shi da jini, a gaggauta kai shi babban asibitin Dogon Dutsi. Uwar takan ji maganar ta tashi, amma tambaya tana ranta: ina jinin ya tafi, alhali yaron bai yanke ba, bai yi haɓo ba? Tambaya ce ta mai hankali, kuma amsarta tana cikin abin da ido ba ya gani sai da madubin likita. Ra'ayina shi ne yaro ɗan shekara takwas a lakwal ta Ɗankasari ko ta Geceme zai iya riƙe wannan amsa daram, in aka bar shi ya gina ƙwayoyin jini da hannunsa, da yumɓun bakin tabki, a cikin harshen da yake mafarki da shi. Kuma ina ganin a wannan ƙasa tamu darasin ya fi gaban a ce masa wasa.

Abin da za a koyar ɗin ba shi da yawa. Jinin mutum kusan kashi 55 cikin ɗari ruwa ne mai launin rawaya-rawaya, sauran kuwa ƙwayoyi ne iri uku da ke yawo a cikinsa. Jajayen ƙwayoyi su ne mafi yawa, kusan miliyan 5 a cikin ɗigon da bai wuce milimita ɗaya ta kowace fuska ba. Kowace ɗaya ɗan faifai ce mai loɓawa a tsakiya ta fuska biyu, cike da wani sinadari mai ƙarfe a cikinsa da ake kira himogilobin, wanda ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Ana ƙera su a cikin ɓargon ƙashi, kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace ta yi aiki kamar kwana 120, sannan saifa da hanta su kawar da ita. Fararen ƙwayoyi sun fi girma, ba su da yawa, tsakanin 4,000 da 11,000 a wancan ɗigon, aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Na uku 'yan gutsattsari ne da ke taruwa a bakin rauni su sa jini ya daskare. Ɗan Adam ya daɗe a duniya bai san da su ba. A 1674 wani mai sayar da tufafi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya bayyana jajayen ƙwayoyin da ya gani ta madubin da ya goga da kansa.

Dalilin da ya sa nake cewa wannan darasi namu ne fiye da na kowa shi ne manyan cututtuka uku da ke addabar yaran Arewa duk a kan jar ƙwayar nan suke haɗuwa. Masassarar cizon sauro ita ce ta farko. Macen sauro ta zuba ƙwayar cutar a jiki, ƙwayar ta wuce hanta ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, daga nan ta fito ta shiga cikin jajayen ƙwayoyi, ta ci abin da ke ciki, ta ƙara yawa, bayan awa 48 ta fasa su ta kama wasu. Can jinin yaron ya tafi, a cikin jikinsa, ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ƙasa ba. Likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ne ya fara ganin wannan ƙwaya a jinin majinyaci a Aljeriya a 1880. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya sa Nijar ta uku a duniya wajen yawan masu mutuwa da wannan ciwo, bayan Najeriya da Kongo, da kusan kashi 6 cikin ɗari na mamatan duniya baki ɗaya. Ta biyu ita ce ƙarancin jini da ke zuwa daga rashin sinadarin ƙarfe a abinci, da tsutsar ciki, da tsargiya. Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2012 ya samu fiye da kashi 70 cikin ɗari na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini. Ta uku amosanin jini, wanda maƙwabtanmu na Kabi da Sakkwato suka fi sani da sikila. Yaron da ya gane jar ƙwaya ya samu ƙofar shiga dukan ukun.

Ga yadda darasin zai iya kasancewa a aji na kara mai yara sittin, irin wanda malamai ke kuka da cunkosonsa. Malam ya sa kowane yaro ya mulmula dunƙule goma na yumɓu da aka kwaɓa da jar ƙasa, ya danna kowanne tsakanin babban yatsa da manuniya har ya loɓa ta fuska biyu. Kafin a tashi, ajin yana da jajayen ƙwayoyi 600 a shanye a kan tabarma. Sai malam ya tambaya: fararen ƙwayoyi nawa za mu yi wa waɗannan? Yara za su ce ɗari, wasu su ce ɗari uku. Amsar ita ce guda ɗaya tak, domin haka lissafin yake a jiki, fara ɗaya ga jajaye ɗari shida zuwa bakwai. A yi ta da farar ƙasa, ta ɗan fi sauran girma. 'Yan gutsattsarin daskarar da jini kuwa kamar talatin sun isa, ɓaraguzan kara ma sun wadatar. Yaron da ya ga tulin ja da fara guda a tsakiyarsa ba sai an sake gaya masa dalilin da ya sa jini yake ja ba. Washegari a ɗauki wasu ɗanyun faifan, a cusa musu ƙwayoyin riɗi a matsayin ƙwayar masassara, a bar su su bushe, a farfasa su ɗaya bayan ɗaya a gaban aji, yara suna kallon tulin yana raguwa. A nan malam zai ce su buɗe tafin hannunsu su duba, su gane abin da ma'aikacin likita yake nema. Yawan yaran, wanda kullum shi ne cikas, a wannan darasi shi ne ya sa lissafin ya fito.

Kada wani ya ɗauka gina siffa da hannu dabarar talaka ce da ya rasa kayan aiki. Manyan masanan da suka gano sirrin jini da kansu haka suka yi. A Kambirij ta ƙasar Ingila, John Kendrew ya gina siffar farko ta sinadarin da ke riƙe oksijin a cikin tsoka da wata roba mai laushi irin ta wasan yara, a 1957, kuma abin yana ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan. Abokin aikinsa Max Perutz ya fitar da siffar himogilobin bayan shekara ashirin da 'yan kai yana fama, su biyun suka raba kyautar Nobel a 1962. A wannan jami'ar dai James Watson da Francis Crick suka harhaɗa siffar sinadarin gado a 1953 da yankakken kwali da faranten ƙarfe. Sun yi haka ne don abin da ido bai iya gani, hannu yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe shi. Masu binciken ilimi ma sun auna. A 2014 Scott Freeman da abokansa sun tattara nazari 225 kan koyar da kimiyya da lissafi, suka samu faɗuwa jarrabawa ta kai kusan kashi 34 cikin ɗari inda malami ke magana ɗalibai na saurare, ta sauko zuwa kusan kashi 22 inda ɗalibai ke yin abu da kansu. A kan 'yan jami'a aka yi wannan nazari, dole a faɗa, amma in baligi mai iya karatu yana buƙatar ya taɓa, ina ga yaron da ake yi wa bayani da Faransancin da bai gama ji ba? Faransar ma da muka gaji tsarin lakwal daga gare ta ta canja hanya. Tun 1996 masanin kimiyya Georges Charpak ya ƙaddamar da shirin sa yaran firamare su riƙa gwaji da hannu. Mu kuwa abin ba baƙo ba ne gare mu. Malamin ajin farko a Kiyeshe da tsinkaye da tsakuwa yake koyar da ƙirga, kuma yaran da zai koyar sun riga sun iya gina shanun laka da motar kara tun kafin a rubuta sunansu a lakwal.

Inda darasin ya fi nauyi shi ne amosanin jini, kuma a nan ya kamata a daɗe. A jikin mai wannan ciwo himogilobin ya ɗan bambanta da na sauran mutane, har idan oksijin ya yi ƙaranci sai ƙwayar ta lanƙwashe ta ɗauki siffar lauje, ta yi tauri. Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana wannan siffa a 1910. Lafiyayyar ƙwaya tana da laushi, tana naɗewa ta ratsa jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta. Mai siffar lauje kuwa sai ta maƙale, wasu su taru a bayanta, jini ya daina isa wurin, shi ne azabar ciwon ƙashi da gaɓoɓi da ke hana yaro barci. Ba ta kuma daɗewa, kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jinin yaron kullum a ƙasa yake, idonsa ya yi rawaya. Duk wannan ana nuna shi da guntun tiyo. A yanka 'yan faifai daga tsohon tiyub na babur a tura su ta ciki su wuce, sannan a zuba busassun laujunan yumɓu yara su ga yadda suke sarƙewa su toshe hanya. Daga nan malam ba zai sha wahalar bayyana dalilin da ya sa ɗan'uwansu mai ciwon yake buƙatar shan ruwa da yawa, da rufe jiki lokacin hunturu, da zuwa likita da zarar zazzaɓi ya taɓa shi ba.

Ga 'yan manyan azuzuwa biyu na ƙarshe akwai abin da ya fi wannan, wato gado. A kawo ƙwarya biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa, a zuba wa kowace farin wake da jan wake daidai wa daida. Fari shi ne A, irin himogilobin na yawancin mutane, ja shi ne S, na amosanin jini, ma'ana iyayen duka AS ne, lafiyayyu, ba su ma san suna ɗauke da komai ba. Yaro ya rufe ido ya zaro wake ɗaya daga kowace ƙwarya, a rubuta abin da ya fito a allo, a mayar da waken, wani ya zo ya zara. In an yi sau arba'in za a ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu ja biyu ne, wato SS mai ciwon, kusan rabi AS, sauran AA. Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan wasa waɗanda manya da yawa ba su sani ba. Na farko, tunda ana mayar da waken kowane zagaye, kowane ciki yana da nasa rabo, ana iya samun SS uku a jere, ana iya yin shida ba ko ɗaya. Na biyu, ja biyu ba sa fitowa daga ƙwarya ɗaya. Matar da dangin miji suka ɗora wa laifin haihuwar yara marasa lafiya, ko aka ce maita ce ko iska ta shafe ta, ɗan shekara goma sha ɗaya da ya yi wannan wasa ya san rabin abin daga uban yake. A ƙasar da jami'an lafiya ke ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S, kuma auren zumunci ya yawaita, wannan sani ba ƙarami ba ne. A Kano har doka aka sa wa hannu a watan Mayun 2024 da ta wajabta gwajin jini kafin aure. Doka tana iya tilasta gwaji, amma saurayi da budurwar da ba su gane ma'anar takardar ba sukan nemi hanyar zagaye ta. Yarinyar da ke ajin ƙarshe yau a Dumega, nan da 'yan shekaru kaɗan za a kawo kuɗin aurenta.

Masu suka suna da hujjoji, kuma mafi ƙarfinsu ita ce ta lokaci. Za su ce yaran da ba su iya karatu ba, ina su ina ƙwayoyin jini? Gwajin da aka yi wa ɗaliban ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin karatun da ake buƙata ba, kuma ko da gwajin 2019 ya nuna an ɗan matsa gaba, mafi yawansu har lokacin suna ƙasa. Ga shi azuzuwan kara ba sa buɗewa sosai sai an gama girbi an samu karan yin rumfa, wasu ƙauyukan kan iyaka kuma matsalar tsaro ta dagula musu karatu. Gaskiya ne duka. Sai dai darasin da nake magana a kansa zama uku ne ko huɗu a shekara, kuma cike yake da karatu da lissafi. Sittin sau goma, ɗaya cikin huɗu, jadawalin wake a allo, rubuta sunan kowace ƙwaya a ƙarƙashinta, jimla biyu da yaro zai tsara kan abin da ya gani: wane darasin lissafi ko na rubutu ne ya fi wannan? Yaro yakan yi ƙoƙarin rubuta abin da ya dame shi ya faɗa. Sannan masassarar da ƙarancin jinin su kansu suna cikin abubuwan da ke hana yara zuwa aji, suna kuma rage musu kuzarin fahimta in sun zo.

Suka ta biyu daga masana take, kuma ina girmama ta: siffa tana iya yin ƙarya. Yumɓu busasshe ne, ƙwayar gaske laushi gare ta. Farar ƙwaya ba fara ba ce kamar alli, kusan ba ta da launi. Yaro yana iya tashi da zaton cewa akwai tsakuwoyi a jijiyarsa. Masu binciken ilimi sun nuna cewa barin yara da kayan wasa ba jagora ba ya haifar da sani, kuma na yarda. Maganin abin shi ne malam ya sa gyaran kuskuren ya zama ɓangaren darasin. Ya tambaye su: ta ina wannan abin da muka gina ya yi kama da na gaske, ta ina ya saɓa? Ya sa su yi lissafin girma. Jajayen ƙwayoyi kamar 130 ne za a jera su cika milimita ɗaya a kan abin awo. Faifan yumɓu mai faɗin santimita uku ya ninka na gaske sau 4,000, kuma da za a ninka yaro mai tsawon mita ɗaya da kwata haka, da tsawonsa ya kai kilomita biyar. Inda kuma lakwal take kusa da likita mai madubi, a roƙi ma'aikacin ɗakin gwaji ya ba yara minti talatin su leƙa gilashin da aka riga aka shirya. Kada a taɓa huda yatsan yaro a aji, ko da wasa.

Akwai wata damuwar da ta fi waɗannan taɓa zuciya. A aji mai yara sittin da wuya a rasa mai amosanin jini ko wanda ƙaninsa ya rasu da shi. Darasin da aka yi da ganganci zai iya sa a riƙa nuna shi da yatsa, a laƙaba masa suna. Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci: malam ba ya kiran sunan kowa, ba ya tambayar yaro irin jininsa ko na iyayensa, ba ya kawo misali da wani gida a gari. Ya faɗa da babbar murya cewa ciwon ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko zama kusa, kuma mai AS lafiyayye ne. Ya ƙara musu da abin da Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954, cewa masu AS sun fi sauran mutane tsira daga masassara mai tsanani, wanda shi ne dalilin da ya sa S ya yawaita a ƙasashen sauro irin tamu. Ba na jin shiru ya taɓa kare yaron nan. Ana riga ana ce masa rago in ya kasa gudu, ana dukansa in ya yi fashin aji. Game da iyayen da za su yi ɗari-ɗari da gina siffofi saboda addini, faifan yumɓu ba gunki ba ne, ba siffar mutum ko dabba ba ce, kuma ya fi kyau shugaban lakwal ya je ya gaida liman ya nuna masa kayan tun kafin a fara.

Saura malamin kansa, wanda sau da yawa ɗan kwantiragi ne da bai samu horo mai tsawo ba, shi ma bai taɓa leƙa madubin likita ba. Abin da yake buƙata takarda ce mai shafi biyu da aka rubuta da Hausa, likitoci suka duba ta, da yini guda na gwaji a taron ƙara wa juna sani da malamai suka saba yi. Makarantar horon malamai ta Mali Bero da ke Doso tana iya sa wannan cikin abin da take koya wa ɗalibanta. Batun harshe kuwa ba sabo ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, kuma kundin dokar ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A Arewa, inda malam da ɗalibi da uwar ɗalibi duk harshe ɗaya suke yi, babu dalilin da zai sa yaro ya haddace sunan ƙwaya da Faransanci bai san aikinta ba. A fara da Hausa ya gane, a ba shi sunan Faransancin daga baya don jarrabawa.

Amfanin kuma ba ya tsayawa a ƙofar aji. A gidajenmu yarinya 'yar shekara tara ita ke goyon ƙaninta yini guda, ita ke fara jin jikinsa ya yi zafi. Kan wannan gaskiyar ce David Morley da Hugh Hawes suka gina shirinsu na yaro ya koyar da yaro a ƙarshen shekarun 1970. Tun 2013 Nijar ke raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin masassara kowane wata a lokacin damina, amma ma'aikaci na ba da na ranar farko ne kawai, na kwana biyun da suka rage a hannun gida suke, kuma nan ake yawan mantawa. A watan Satumban 2024 a Gaya, cikin jiharmu ta Doso, aka ƙaddamar da allurar rigakafin masassara, wadda ita ma sai an koma sau da yawa kafin ta cika. Yarinyar da ta farfasa faifan riɗi da hannunta tana da dalilin tuna wa innarta. Ta san dalilin shiga gidan sauro, ta san wake da zogale da hanta suna ba ɓargo abin ƙera sababbin ƙwayoyi. Ranar da aka ce wa babanta ya ba da jini don a ƙara wa ƙaninta ya tsaya yana jin tsoro, tana iya gaya masa cewa abin da za a ɗiba bai kai rabin lita ba cikin kusan lita biyar, kuma ɓargonsa zai mayar da shi cikin 'yan makonni.

Ranar 25 ga Afrilu ita ce ranar yaƙi da masassarar cizon sauro ta duniya, kuma tana faɗowa ana tsakiyar karatu, wata uku kafin sauro ya yi ƙarfi. Kirana ga masu duba makarantun firamare na Dogon Dutsi da Tibiri, da manyan likitocin gundumomin biyu, da kwamitocin iyayen yara, shi ne su zauna tun cikin hunturu su zaɓi makarantu kaɗan a kowace ƙaramar hukuma, daga Sukukutan da Dogon Kirya har Geceme, su rubuta takardar jagorar, su gwada darasin a makon wannan rana. Su yi wa yaran tambayoyi biyar kafin a fara, su maimaita musu su bayan wata uku, su ga abin da ya zauna. In ya zauna a faɗaɗa shi zuwa sauran makarantu, in bai zauna ba a gyara a sake. Kayan aikin duka yumɓu ne, da jar ƙasa, da tiya guda ta wake, da guntun tiyo, da ƙwarya biyu.